Hasken Ƙarshen Zamani Ya Yi Kawaici

Jama'a, ku gyara zama, ku taya unguwarmu murna. Duniya ta daɗe tana jiran mai ceto, ashe yana nan layinmu yana sayar da tocila da ƙwan lantarki. Mu ne dai makafi, muna ta cewa Mai Tocila. Shi kuwa ya san kansa. Sunan da ya sa a shafinsa Hasken Ƙarshen Zamani.

Alamomi kuwa ba a magana. An ce mai ceto yana da faɗin goshi. Nasa goshin ya yi faɗi har ya kai ƙeya, ko da yake mahassada suna cewa sanƙo ne. An ce yana da wushirya. Tasa ta samu ne ranar da ya buɗe kwalbar lemo da haƙori, amma ai baiwa ba ta zaɓen hanya. Ya kulle shago, ya ɗinka farar riga mai jan ƙasa, ya koma magana a hankali kamar mai ciwon maƙogwaro.

Uwargida ce kawai ba ta ga haske ba, ita da take girki a duhu. Ta ce, "Ka tara mutanen. In sun karɓe ka, ni ma zan durƙusa. In ba su karɓa ba, ka cire wannan labulen ka buɗe shago."

Sai dai akwai ƙa'ida. Ya ji a wani karatu a waya cewa na gaskiya ba ya cewa ni ne. Jama'a ne ke roƙonsa, yana ƙi, har su tilasta masa. Don haka ya ja amininsa wanzami gefe, suka shirya: wanzami zai miƙe ya roƙa, shi ya ƙi. Ya sake roƙo, ya sake ƙi. A na uku sai ya share hawaye ya karɓa.

Ranar taro aka jera kujerun roba a ƙofar shago, aka jingina waya a kan kwalin batir ana haskawa kai tsaye. Mutane sun zo, don an ce akwai lemo.

Wanzami ya miƙe. "Ranka ya daɗe, kai ne wanda ake jira. Ka karɓe mu!"

Haske ya sunkuyar da goshi. "Haba, bayin Allah! Ni wa? Ni ba kowa ba ne."

Aka yi ɗan tafi. Ya saci kallon waya, ya ga alamun zuciya suna tashi sama kamar fara. Nan fa kansa ya kumbura. Ya ƙudurta cewa tun da aka fara tawali'u a duniya ba a taɓa ganin irin wanda zai yi yau ba.

Wanzami ya sake roƙo.

"Ku bar ni!" in ji Haske, har da dukan ƙirji. "Ni da sai rana ta dake ni nake sallar asuba? Ni da nake goge tsohon batir da tsumma in mayar da shi leda in ce sabo ne? Ni da na ga kare ya biyo mu da daddare na bar iyalina a baya na haura katanga? Ku tambaye ta, ga ta nan!"

Duk aka juya. Uwargida ta gyara mayafi. "Har takalminsa ni na tsinto," ta ce.

Wani dattijo ya gyaɗa kai ya ce, "Kai, bawan Allah nan ya faɗi gaskiya." Wani ya ce dama shi tun farko goshin bai kwanta masa ba. Wanzami kuwa ya zauna ya yi tagumi, don ya tuna batir huɗun da ya saya wa injin askinsa, waɗanda suka mutu yana tsakiyar yi wa wani ango aski.

Haske ya jira roƙo na uku. Ya yi gyaran murya. Ya ƙifta wa wanzami ido, ya ƙifta ɗayan, har wata mata ta ce a hura masa, abu ya faɗa. Garin neman gira, ga ido yana tafiya. Masu kujeru sun fara tattarawa, lemo ya ƙare, waya tana ƙorafin caji.

"To," ya ce da ƙaramar murya, "ko akwai mai son ya sake roƙona wani abu? Ko sau ɗaya?"

Can baya wata tsohuwa ta ɗaga hannu. Zuciyarsa ta yi fari. Ya tanadi hawayensa, ya buɗe hannuwa.

Ta tako a hankali, ta kwance bakin zane, ta fito da tocila.

"Ɗan nan, roƙona ɗaya. Tunda ba kai ba ne, zo ka canza mini wannan. Tun ranar da na saya ba ta kawo wuta ba."

Uwargida ta miƙa masa makullin shago.