Bokitin Ruwa a Tsakar Gida

"Ina gajiya kuma, Ango? Ko da yake wanda ba ya aikin fari balle na baƙi, ina zai samo gajiya."

"Gajiyar jiranki ce, Amarya. Tun hantsi nake tsaye a nan, har wata baiwar Allah ta miƙo mini sadaka."

"Ka karɓa?"

"Na karɓa mana. Ke tunda na aure ki me kika taɓa ba ni?"

Tsohon magini ne, ita kuma jikarsa, nas ce da ta zauna gidajen haya har biyar. Ya sayar da gonarsa ta gado, gobe zai biya kuɗin wannan gida, ya zuba 'yan haya ya ci da kansa sauran kwanakinsa. In gidan bai samu masu haya ba, shi ke nan, ba gona ba abinci. Shi ya sa 'ya'yansa suka kafe sai wani ya duba kafin ya biya. Abin da ya ɓoye musu kuwa shi ne, shi ya gina gidan da hannunsa shekara talatin da suka wuce, kwangilarsa ta farko. Ya gina wa mutane gidaje ba iyaka, bai taɓa mallakar ko ɗaya daga cikinsu ba, kuma wannan abu yana ci masa rai.

Ya buɗe ƙofa, ya ƙwanƙwasa bango da makulli.

"Saurari wannan. Kin ji ƙara? Bulo ne na gaskiya, ba irin na yanzu da akuya za ta jingina ya zube ba."

"Na ji. Ɗan haya bango zai ci?"

Ta murɗa famfo, ya yi tari sau biyu ya yi shiru. Ta ɗaga wayarta sama tana zagaya tsakar gida da ita.

"Me kike nema a sama?"

"Sabis. Nan in mutum ya mutu, sai dai a aika da ƙafa."

"Alheri ke nan. Ɗan haya ba zai dame ni da kira ba."

Ta shiga ɗaki ta tura taga, tagar ta daki katangar maƙwabci ta dawo mata.

"Ango, wannan taga ce ko kabad?"

"Taga ce ta mutunci. Ba mai leƙo ka."

"Har iska ma ta ji kunya ta ƙi leƙowa. Ƙofar nan fa? Ta ina gado zai shiga?"

"A zamanin da aka gina gidan nan mutane ba su da ƙiba. Ku ne kuka zo da gadaje kamar filin ƙwallo."

Ta tsaya tsakanin kicin da banɗaki, ƙofofinsu na kallon juna, ta riƙe ƙugu.

"Wanda ya gina gidan nan ko dai ba shi da hanci, ko bai taɓa cin abinci a gidansa ba."

Maganar ta soki tsoho har cikin ƙashi, amma ya daure ya gyara hula.

"Ki iya bakinki. Na ji an ce babban magini ne, kyakkyawa, dogo, 'yan mata har layi suke yi su kawo masa ruwa wurin aiki."

"To lallai ruwan ne ya hana shi ganin gabansa. Yana raye?"

"Ana kyautata zato."

"Allah ya sa ya tuba."

Ta leƙa maƙwabta ta aro bokiti cike da ruwa. Nan take tsoho ya tuna ranar da aka zuba simintin tsakar gidan nan. Yana sauri ne a lokacin, ya ce idonsa ya fi kowane ma'auni.

"Me za ki yi da shi? Ke da ko a gidanku sai an yi rantsuwa kike wanka."

"Gidan haya na uku ne ya koya mini. Ku maginai da rani kuke duba gida, mu 'yan haya da damina muke kwana a ciki. Matsa."

Ta sheƙa ruwan a tsakiyar gida. Ruwan ya ɗan tsaya kamar mai shawara, ya juya wa magudana baya, ya miƙe sarai ya shige ɗakin kwana. Ko ɗigo ɗaya bai ɓata hanya ba.

"Ka gani? Ruwan ma ya san ɗakinsa. Shi ne tsohon ɗan hayar gidan."

"Ƙila baƙo ne, bai san gari ba."

"In ƙaro wani bokitin mu tambaye shi?"

Tsoho ya bi ruwan zuwa ɗaki, ya durƙusa da ƙyar, ya kankare sabon fentin gindin bango da farce. Tsohon tabon ruwa ya fito, kusan taƙi guda daga ƙasa. Shekara talatin mutane suna kwashe ruwa da tsakar damina suna tsine wa wani, ashe shi ne. Kunya ta kama shi, da baƙin ciki, sai kuma dariya ta taso masa.

"Amarya, kyakkyawan maginin nan da nake ba ki labari..."

"Na sani. Uwargidanka ta gaya mini tun jiya. Ta ce in zage shi da kyau, ita ta gaji."

"Kin sani kike cewa ba ni da hanci?"

"Ai ban yi ƙarya ba, ga madubi a jakata."

Ya zauna a dokin ƙofa yana dariya har da tari. Da ta lafa sai ya ce, "So na yi in mutu ina da gida ɗaya da zan ce ni na gina, kuma nawa ne."

Ta zauna kusa da shi, ta sassauta murya.

"Akwai wani kusa da asibitinmu. Ba kyau, kamar kai, amma ma'aikata na neman ɗaki a unguwar ido rufe, ruwa kuma waje yake fita. Mu je ka ƙwanƙwasa bangonsa. Kai ka duba abin da ka sani, ni in duba abin da na sani."

"Wa ya gina shi?"

"Wani yaronka ne, da ka kora."

"Me ya yi na kore shi?"

"An ce yawan awo ne da shi, yana ɓata maka lokaci."

Tsoho ya dafa gwiwa ya miƙe. Ya zaro alƙalamin da ya saya musamman don sa hannun gobe, ya miƙa mata.

"Riƙe, kin ci. Kada ki ba ni shi sai bokiti ya yarda."