Kwamfutar Goyo

Na yi Legas, na yi Yamai. Don haka da munka fara manhajar rubuta gwajin jinin yaran ƙauyen Abare, na ce a bar mini sauran. Na kafa kwamfuta cikin kwamfuta, mai kwaikwayon ƙaramar waya, wadda za ta riƙa harhaɗa manhajar da kanta duk sa'ad da aka yi gyara.

"Ko na mutu, ba ta tsayawa," na ce ma Hajiya Balki, shugabarmu a Anka.

Ran Laraba na rufe laftof ɗina, na jefa a jaka, na tahi Gwashi bikin suna. Ran Alhamis ma'aikatan lahiya sunka jira sabuwar manhaja har azahar, uwaye na zaune da yara, sannan sunka koma takarda da biro.

Hajiya ta kira ni a waya. "Malam, ina wadda ba ta tsayawa?"

"Tana lahiya."

"Tana ina?"

Na waiga na dubi jakar da ke rataye a bayana. Cikin laftof ɗin na kafa ta.

Har gobe ban yarda na yi ƙarya ba. Mutuwa na ambata, ban ambaci zuwa suna ba.

Yanzu da na shigo ofis da jaka, sai Hajiya ta turo mini kujera: "Sannu da goyo, Malam. Yaushe za a yaye ta?"