Warin Takalmin Yaya Kubura

"…lafiya lau nake, sai dai ganinki da safen nan ya ɓata min kasuwa. Wa ya buɗe wa baiwa ƙofa ta fito?"

"Wanda ya buɗe wa bawa baki. Tashi ka ba uwargijiyarka benci, ƙazami."

Haka suka fara, ko zama ba mu yi ba. Abdulsalam ɗan kawunmu ne, babansa da Innarmu ciki ɗaya suka fito, kuma shi da Yaya Kubura wata biyu ne tsakaninsu. Shekara hamsin da huɗu ke nan suna zagin juna irin na taubasai, ba wanda ya taɓa fushi, ba kuma wanda ya taɓa raga wa wani. Rumfar takalman mata gare shi a kasuwar Muda Lawal. Ni ce Sauda, ƙanwar Kubura, ni na rako ta, kuma wallahi ba da son raina ba.

Ga abin da ya fito da mu. Ciwon suga ya ci mata ƙafar hagu. Ƙaya ce ta soke ta a gonar Inna a Zungur tun farkon damina, miki ya ƙi warkewa, ƙafa ta kumbura, yatsu biyu suka fara baƙi. Likita ya ba ta takarda ta tafi Kano ranar Talata a duba jijiyoyin. Ya ce in jini na gudu za a ceto ƙafar, in ba ya gudu sai dai a yanke. Tun ranar gidanta na Ƙofar Dumi ya koma kamar gidan makoki. Kowa sannu, kowa Allah ya sawwaƙe, 'ya'yanta in sun shigo sai magana ƙasa-ƙasa. Takalmanta kuwa ba wanda ke shiga ƙafar, sai wani tsohon silifas na mijinta da ta tsage wa maɗauri da wuƙa. A cikin keke ta ja min kunne: "Sauda, in kika gaya wa Abdulsalam, ba ni ba ke. Na ƙoshi da sannu. Zagi na fito nema." Ta saki zani har ƙasa ya rufe bandejin ƙafar, ta shiga layin takalma tana cije leɓe, ni ina bayanta.

Hadari ya haɗu tun asuba, kasuwar duk duhu-duhu, ba masu saye. Abdulsalam ya turo benci da ƙafa.

"Ina tsinken?" in ji shi. "Shekara talatin tsinken tsintsiya kike karyawa daidai tsawon ƙafarki ki aiko min in zaɓa miki. Yau tsintsiyar gidanku ta ƙare ne?"

"Tsinke ba ya iya zaginka, shi ya sa na zo da kaina."

"Da kin huta. Lambarki ko cikin barci na san ta. Talatin da tara, faɗi kuwa kamar faranti."

"Ka san lambata mana, aikin bawa ke nan. Saurara, takalmin tafiya nake so. Tafiya uku ce a gabana, kuma takalmi ɗaya nake so ya yi min duka."

"Rowa dai ba ta sake ki ba. Ina da ina?"

"Gobe Zungur, in gaida Inna."

"Ki gaida min Gwaggo, ki ce mata har yau ina taya ta jimamin haihuwarki. Sai ina?"

"Talata Kano."

"Kano! Allah sarki Kanawa, me suka yi? Ta ukun fa?"

"Dawowa."

"Dawowa ma tafiya ce? Ai da takalmin da aka je ake dawowa."

"Ba kullum ba," in ji Yaya Kubura.

Ni na san abin da take nufi, sai na kau da kai ina kallon kwalaye. Shi kuwa bai kawo komai a ransa ba. Ya miƙa hannu sama ya sauko da wani jan takalmi mai tsini, yana ta ƙyalli.

"Ga na Kano. Ki ƙara tsawo, ko direba ya gan ki ya daina ɗora miki buhu a ka."

"Kai wa matarka, ita da ta auri gajere ta saba da duƙawa. In sa wannan in taka tashar mota? Ramin farko zan bar haƙorana."

"Waɗanne haƙoran? Guda nawa suka rage?"

"Sun isa cizonka."

"To ga kambas. Mara nauyi, ciki laushi. Hajiyoyi shi suke saye in za su Saudiyya."

"In sa kambas da zani kamar 'yar bautar ƙasa? Kuma awa biyar a mota, ƙafa a rufe ruf, ta kumbura a ciki, in an tsaya salla in duƙa ina kwance igiya ana jirana da alwala? Kai ko ka taɓa tafiyar da ta wuce Ningi?"

"Na je Ikko sau bakwai sarin kaya."

"A cikin kayan aka ƙirga ka."

Ya yi dariya har hularsa ta karkace. Ni ma na so in dara, abin ya ƙi. Ya jawo na roba, baƙi, irin na damina.

"To wannan fa? Taɓon Zungur ko a jikinsa. Ki watsa masa ruwan buta ya koma sabo, abin da ke kin kasa yi wa kanki."

"Roba tana sa gumi, tana goge fata. Ba na son abin da zai goge ni. Kuma a kan tayil santsi take yi."

"Tayil? Ke ina kika ga tayil a Kano? Gidan wa za a bar ki ki shiga?"

"Inda za ni akwai tayil, kuma dogon baranda ne."

"Silifas to, ki huta ki hutar da ni."

"Mai tsaga yatsu? Maɗauri ya tsinke min a tsakiyar tasha in koma neman ƙusa? Abdulsalam, takalmi kake sayarwa ko dai gadin rumfar kake yi?"

Nan ta taɓa shi inda yake masa ƙaiƙayi. Abdulsalam ka zagi gemunsa, ka zagi tsawonsa, amma kar ka ce bai san takalmi ba. Ya tashi ya shige can ƙurya, muka ji yana ture kwalaye yana mita, ya fito da wani sandal ruwan ƙasa. Ba shi da wani kyau na a zo a gani. Ƙasansa mai kauri ne da zane-zanen hana santsi, cikinsa laushi, maɗauri uku ne da shi irin waɗanda ake mannawa, ɗaya a yatsu, ɗaya a tsakiya, ɗaya a dunduniya.

"Riƙe ki ji. Kin ji nauyi? Babu. In ƙafa ta kumbura a mota ki sassauta, in kin sauka ki matse. Alwala, fizga ɗaya kin cire. Taɓo ki goge da tsumma. Tayil kuwa ko an zuba masa miyar kuɓewa ba za ki zame ba. Ban so ba ki ba, ya fi ƙarfin baiwa."

Yaya Kubura ta juya shi a hannu, ta danna cikin da babban yatsa. Na ga ya kwanta mata.

"Ba laifi. Makaho ya yi tsintuwa. Kawo talatin da tara, ka kawo arba'in da uku."

"Arba'in da uku? Raƙumi za ki yi wa tsaraba?"

"Kawo dai."

Ya kawo kwali biyu. Ta turo ƙafar dama daga ƙarƙashin zani, na sa mata ƙaramin, ya zauna ɗas.

"Ɗayar," in ji shi.

"Ɗayar ba ta gaisawa da bayi."

"A rumfar nan ba a gwada ƙafa ɗaya. Ko matar gwamna ce sai ta sa biyu ta taka na gani."

"To ji abin da nake so. Na dama a ƙaramin, na hagu a babban. Ka raba min."

Ya dube ta kamar ta ce ya cinna wa rumfar wuta.

"In raba? Tunda na buɗe wurin nan ban taɓa raba takalmi da warinsa ba. Ragowar in kai su ina? Dama arba'in da uku, hagu talatin da tara, wace halitta ce za ta zo ta saya? Kin tsufa, Kubura, kanki ya fara juyewa. Sauda, kai ta gida ki ba ta kunu."

"Ba za ka raba ba?"

"Ko sama da ƙasa za su haɗu."

"To ga halittar."

Ta kama bakin zanin ta ɗaga zuwa idon sawu. Bandejin da muka naɗa da safe har ya jiƙe ta gefe, ƙafar ta yi suntum tana sheƙi, yatsun nan biyu sun leƙo baƙi ƙirin a kan tsagaggen silifas.

Kwalin ya suɓuce masa. A lokacin ruwan ya sauko, yana dukan kwanon rumfar, maƙwabta suna ta janye kaya ciki.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un," in ji shi, murya can ƙasa. "Kubura. Tun yaushe? Sannu. Sannu, 'yar'uwa."

Ban taɓa ganin fuskar yayata ta ɓaci haka ba. Ta saki zanin, ta fara ɓalle sandal ɗin.

"Kai ma? Har kai, Abdulsalam? Sauda, tashi mu tafi. Na baro sannu cike da gida, na hau keke ƙafa tana min zugi, na zo wurin mutum ɗaya da na san ba zai dube ni kamar gawa ba. Ashe shi ma ya iya sannu. Tun muna wasan ƙasa ba ka taɓa ce min 'yar'uwa ba sai yau. Wato har ka yi min wanka ka sa a likkafani."

Ni kuma raina ya tashi, na manta ya girme ni. Na ce, "Kai Abdulsalam, wane irin mutum ne kai? Zage ta mana! Bakin naka da ba ya rufuwa, yau ya mutu?"

Ya dube ni, ya dube ta. Idonsa ya kawo ruwa. Ya gyara hula, ya yi gyaran murya har sau biyu.

"Wannan…" Muryar ta karye, ya sake kamo ta. "Wannan ƙafa ce ko doya kika sato a layin 'yan doya kika ɓoye a zani?"

Yaya Kubura ta tsaya da ɓalle maɗaurin.

"Ci gaba," in ji ta.

"Dama na sani. Girman kan nan naki ba inda zai je, ya cika kan, ya gangaro ƙasa."

"Yauwa. Ƙazamin bawa. Ƙara."

"Kuma kika bari na ɓata bakina a kan mai tsini. Da kin sa shi da tuni ya nutse ya fito da ruwa."

Ta yi 'yar dariya ta hanci, ta farko da na ji ta yi cikin sati uku. Sannan ta gaya masa komai, a taƙaice, ba ta tauna ba: jijiya, Talata, abin da likita ya ce.

"Ka ji tafiya ta uku. Ban sani ba ko da biyu zan dawo."

Ya ɗauki na hagu a babban kwalin, ya buɗe maɗauran uku gaba ɗaya, ya miƙo min.

"Sa mata a hankali. Na gaban ki bar shi sako-sako, kar ya taɓa yatsun. Na dunduniya shi za ki kama. A'a, ba haka ba, Sauda, hannunki kamar na mai faskare. Yauwa. To, doya, taka in gani."

Ta dafa kafaɗata ta miƙe. Taku ɗaya, biyu, ta kai bakin rumfa inda feshin ruwa ke shigowa, ta juyo.

"Ya ya?"

"Bai matse ba," in ji ta. "Kamar ba kai ka zaɓa ba."

Ta kai hannu jaka, ya daka mata tsawa.

"Kar ki soma. Na raba, kin ci ni, je ki. Sadaka na ba baiwa." Ya ɗauki ƙaramin na hagu da ya rage, ya hura masa iska, ya sa a kwali ya ɗora can saman kanta inda ba mai kaiwa. "Wannan kuma ba na sayarwa ba ne. Ranar da doyar ta saɓe ki zo ki sa a gabana, ki taka in gani."

"In na dawo ba ƙafar fa?"

"Da izinin wa? Baiwata ce ke tun daga ka har tafin ƙafa. Wane likita ne zai taɓa min kaya ban sa hannu ba?"

Sai ta fashe da dariya, dariya sosai, har ta koma kan benci ta zauna, hawaye na bin kumatunta, ta bar su suna zuba ba ta share ba. Shi ma ya dara, ya juya mana baya wai yana gyara kwalaye, ya daɗe yana gyara kwalin da ba abin da ya same shi.

Da ruwan ya tsagaita muka fito. Mun kusa ƙarshen layi, tana takawa a hankali, muka ji ya ƙwala kira.

"Kubura! Talatar, wace mota?"

"Ta farko. Ina ruwanka?"

"Ki rage min wuri, in gindinki ya bar saura. Ba na sakin kayana su tafi Kano ba mai gadi."

"Rumfar fa?"

"Ta rufe kanta."

Ba ta juya ba. Ta matse hannuna, ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji.

"To ka yi wanka kafin ka zo."