Ranar da Na Ƙwace wa Akuya Ruwanta

Ba zan taɓa mantawa da bikin Fanna ba, ko da kuwa zan manta da sunana. Shekarun fari ne, lokacin da ruwa ya fi nama wuyar samu a Damagaram. Pampon unguwarmu sai ya kwana uku bai ko yi tari ba. Ni kuwa ina ajin ƙarshe a lise, wato sakandare, ina ji da kaina, 'yan gidanmu na kirana Madmazel, wai budurwar Faransawa (da zolaya suke yi, ni da gaske nake amsawa).

Gashina irin na Kaka ne, mahaifiyar babana: cike, baƙi wuluk, ga taurin tsiya. Mataji uku ya karya a shekara guda. Na tsane shi, wallahi. Ni so nake in juya kai gashi ya biyo ni, irin na matan da ke jikin kalanda.

Fanna 'yar kawuna ce, a Gidimuni za a ɗaura mata aure, kuma ni ce babbar ƙawa. Na ce to, lokaci ya yi da mutanen karkara za su ga wayewa. Na je kasuwa, wani Bakano mai tebur ya miƙo mini gwangwanin man miƙar da gashi, ya ce, "'Yanmata, minti ashirin kawai, sai ki wanke da ruwa mai yawa." Minti ashirin ɗin na riƙe. Ruwa mai yawa kuwa ya bi ta bayan kunnena.

Ana gobe tafiya, da hantsi, Inna ta kwashi bokitai ta tafi layin pampo, Kaka ta fita barka. Na kulle ƙofa, na laɓta man nan tun daga goshi har ƙeya, na zauna ina kallon agogo ina murmushi. Minti biyar, ƙaiƙayi. Minti goma, kamar an juye mini garwashi a ka. Na ruga randa, na zura moɗa, sai na ji ƙwas! ta bugi ƙasa. Tulu, wayam. Butar alwalar Baba, ɗan abin da ke ciki ko kunnena ɗaya bai jiƙa ba. Na shiga zagaye tsakar gida ina fifita kai da faifai, ina kiran sunan Allah da na Inna a haɗe.

Sai idona ya faɗa kan akuyar Kaka, ita kaɗai farin ya bar mana cikin bakwai. An aje mata kwatarniya cike da tsari, ruwan da aka wanke jar dawar taimako da shi. Ta sa baki ke nan na ture ta, na durƙusa, na tsoma kaina ciki har wuya. Ita ma ba ta yarda ba. Ina cuɗa kai tana tunkuyina ta baya, ina cewa "Ke, bari mana!" kamar mai jin Hausa. Da zafin ya lafa na ɗaure kai tam da kallabi, na gode wa Allah babu wanda ya gani. Na taɓa ta gefe na ji laushi, har na ce aiki ya yi.

Abin da Madmazel ta manta shi ne al'adar gidanmu: ƙawayen amarya a jere ake yi musu kitso iri ɗaya, a tsakar gida, gaban kowa, kuma da babbar ƙawa ake farawa. Muna sauka daga kamiyo, babbar motar kaya, a Gidimuni aka zaunar da ni gaban Inna Gaji makitsiya. Mata sun fi talatin, har da dangin ango. Na ce kaina na ciwo. Ta ce kitso ne maganinsa, ta zare kallabin.

Dusar jar dawa ce ta fara zubowa a cinyarta. Ta sunkuyo ta shinshina, ta ce, "'Yar nan, a rumbu kika kwana?" Sannan ta sa tsinke za ta tsaga. Gashi ya biyo hannunta, dunƙule guda, kamar an tsinko auduga. Ta ɗaga shi sama tana salati.

Kaka ce ta fara magana. Ta dubi dusar, ta dube ni, ta tafa hannu. "La'ilaha illallahu! Shi ya sa akuyata ta wuni jiya tana kuka! Ashe ke kika shanye mata ruwa da ka!"

Jama'a, gidan nan ya kece. Uwar ango har da faɗowa daga kujera, amarya ta leƙo daga cikin lulluɓi tana riƙe ciki. Ni kuwa na fashe da kuka, na faɗi gaskiya tun daga Bakano har tunkuyi, ina faɗa suna ƙara dariya. Wata tsohuwa ta share hawaye ta ce tun da shanunsu suka mutu ba ta yi dariya irin ta yau ba, Allah ya yi mini albarka. Daga nan ni ma na sa baki, da majina da komai.

Kaka da kanta ta aske sauran da reza a bayan ɗaki. Tana yi tana cewa, "Gashin da uwata ta ba ni na ba ki, shi kika kai wa wuta? Bari ya fito, ki gani ko yana riƙe da ke a zuci." Na yi rawar biki da ƙwalƙwal a ƙarƙashin kallabi, kuma ban taɓa jin iska mai daɗi haka ba.

Bai riƙe ni ba. Da man shanu da karkashi, duk Juma'a a cinyar Kaka, ya dawo yadda yake, da cikarsa da taurinsa. Ranar da ya sake karya mataji, guɗa na yi. Yau furfura ta cinye rabinsa, ban sake sa masa komai ba sai mai da kitso, kuma ina son sa kamar me.

Darasin da na koya ba mai zurfi ba ne: kafin ki buɗe kowane gwangwani, leƙa randa. A Gidimuni kuwa, duk da jikokina biyar, in na sauka daga mota ba a ce Hajiya ta zo. Cewa ake, "Ku ɗaure awakinku, ga Madmazel nan."