Waƙar Aku da Sawun Tabawa

Dabbobin Dajin Kwarin Ɗinya suna da duk abin da ake buƙata a kira su ƙasa. Suna da Sarki Zaki, suna da fadawa, suna da majalisa mai zama a gindin kuka. Abinci ne kawai ba su da shi. Damina ta yi gardama, ciyawa ta ƙone, ƙananan dabbobi suka rame.

Gabas da dajin akwai gonar gyaɗa ta 'yan Adam, kewaye da shingen ƙaya. Tun zamanin kakanni doka ta hana shigarta, domin duk ranar da aka yi ɓarna mafarauta kan biyo baya da karnuka. Hukuncin wanda ya shiga shi ne kora daga daji. Shari'ar dajin kuwa sawu take bi: wanda aka ga sawunsa a wurin laifi, shi ne mai laifi.

A shekarar nan ne Burgu ya fara sana'ar haƙa rami a ƙarƙashin shingen. Ba ya ƙarasa shi. Yakan bar 'yar ƙasa kaɗan a ɗaya bakin, wanda ya yi haya shi zai ture ta da kansa, ya dawo ya raba abin da ya ɗebo da mai rami. Burgu ya ɗauki Aku aikin talla. Kowace safiya Aku na bin bishiyoyi tana rerawa: "Wa ya ce gyaɗa sai mai gona? Ramin Burgu, shiga da yunwa, fita da ƙoshi!"

Waƙar tana da daɗi, har yara suka haddace. Cikinsu akwai ɗan zomo Ɗantala, wanda ya riƙa rera ta a gida cikinsa na kuka. Uwarsa Tabawa ta daure har daurewa ta ƙare. Ta shiga ramin sau ɗaya, dogarai suka ga sawunta.

Ranar shari'a, tsohuwar malamar yara, Bushiya, ta nemi izinin magana.

"Ranka ya daɗe," ta ce, "Tabawa ta shiga gona, ba mu musanta ba. Amma wata guda ana kiran ta daga kan bishiya, da sunan ramin da inda yake. Wanda ya tsaya a kasuwa yana cewa a zo a karya doka, shi ba ruwansa?"

Dila, lauyan Burgu, ya miƙe yana murmushi.

"Baba Bushiya, kin gaji, ki zauna ki huta. Ranka ya daɗe, Burgu rami ya haƙa, kuma a cikin daji ya haƙa shi. Wani don inuwa yake shiga. Ita kuma Aku tambaya ta yi: wa ya ce? Yaushe tambaya ta zama laifi? A aika dogarai gonar. In sun ga sawun Aku, ni da kaina zan fige ta."

Fadawa suka yi dariya. Waɗansunsu suka kare baki, domin akwai ɓawon gyaɗa a haƙoransu. Burgu ba ya zuwa gaisuwa hannu sake.

"To fita da ƙoshin fa?" in ji Bushiya. "Inuwa ce ke ƙosarwa?"

"Salon waƙa ne, Baba. Mai hankali ya san talla."

"Mai yunwa fa?"

Zaki ya yi hamma. Shi ma ya tsufa, kuma ya sha jin irin wannan gardama.

"Majalisa ba ta jin daɗin waƙar nan," ya ce. "Amma waƙa ba ta da ƙafa, dokarmu kuwa sawu ta sani. Daga yau Aku za ta ƙara da cewa an hana shiga gona. Tabawa kuma ta bar daji kafin rana ta faɗi."

Fadawa suka ce an yi adalci.

Tabawa ba ta yi kuka ba. Ta damƙa Ɗantala a hannun Bushiya, domin fili ba wurin yaro ba ne, akwai shaho, akwai karnuka.

"Ka riƙa jin maganar Baba," ta ce masa. "Kuma ka daina waƙar nan."

"Inna, ni na sa kika tafi?"

"A'a, ɗana. Kai koya maka aka yi."

Da safe Aku ta fito kamar kullum. Ta rera waƙarta da ƙarfi, ta ja ƙarshenta, sannan ta faɗi gargaɗin majalisa da sauri cikin maƙogwaro, lokacin da ta riga ta buɗe fiffike. A bakin ramin Burgu layi ya fi na jiya, domin yanzu kowa ya ji cewa majalisa ta duba waƙar ta bar ta.

Ɗantala ya tsaya kusa da Bushiya yana kallon layin. Ya ga maƙwabciyarsu a ciki, da 'ya'yanta a bayanta suna rera waƙar. A nan ya gane cewa a dajinsu wanda ya yi kira ba ya barin sawu, kuma wanda ya amsa kiran ne ake kora.