Firinta Ta Yi Shiru, Manya Suna Otal

Ranar Litinin na sa rigata mai guga na nufi ofishin ba da takardun haihuwa. Autata ce za ta yi rajistar makarantar jinya, ranar Juma'a kuma ake rufewa, uwarta ta ce kada in kuskura in dawo mata hannu biyu. Na tarar layi ya fito har baranda, kowa yana fifita da fayil ɗinsa.

Sai da na yi awa uku kafin na kai taga. Malamar da ke ciki, wata baiwar Allah mai tabarau, ta juyo mini da kwamfuta, ga sunan 'yata ɓaro-ɓaro har da ranar haihuwa. Bugawa kawai ta rage. Firinta kuwa, in ji ta, kwana tara ke nan ba ta ga maciji da kwamfutar.

Na tambaya ko ba su da mai gyara. Ta nuna mini benci da haɓa. Ashe Injiniya ne, maƙwabcina da katanga ɗaya ta raba mu, yana zaune yana yanke farce.

"Maƙwabci, aikin minti biyu ne," in ji shi, "amma ba a ba ni lamba ba."

Ya zaunar da ni ya yi mini karatu. Doka ta hana shi taɓa na'ura sai an cike fom ɗin ƙorafi an ba ƙorafin lamba. Fom ɗin kuwa an dakatar da shi, domin manya sun tare a otal mako biyu suna kwatanta hanyoyi biyu na kula da ayyukan kwamfuta. Mai Girma Babban Mai Hangen Nesa yana son kundin kyawawan dabaru: littattafai biyar masu kauri da suka tara abin da ya yi wa wasu amfani, kowane sashe ya tsinci nasa. Shi kuwa Mai Girma Uban Kwamitoci ya rantse sai tafarki guda, matakai 'yan kaɗan, kowa ya bi, daga mai gadi har na kan kujera mai juyawa. Tunda ba a san wanda zai yi nasara ba, ba a san kamannin fom ba.

Jama'a, ku taya ni jinjina. Mu talakawa da gajeren tunaninmu, wayar firinta za mu duba mu ce ta saki. Sai mai zurfin ilimi ne zai gane cewa wannan matsala ce da ke buƙatar ɗaki mai sanyi da cin abinci sau uku.

Da na kai wa maiɗakina bayani, ko ɗagowa ba ta yi daga wanki ba. Ta ce ita ma ta san girki iri-iri, tukunyarta kuma ɗaya ce, amma ba ta taɓa barin mu da yunwa ta zauna tana kwatanta su ba. Auta kuwa sai ta shige ɗaki ta turo ƙofa. Wannan ya fi ci mini rai.

Alhamis na koma na tsaya a gaban Injiniya, ban gaishe shi ba. Ya dube ni, ya dubi layi, ya ce bari ya zaga bayi. Yana wucewa ta bayan teburin Malama sai ya yi wani irin tuntuɓe na hankali, ya dafa bango, hannunsa ya faɗa daidai kan wata waya. Firinta ta yi tari, ta fara amayar da takardun kwana goma sha biyu. Wata tsohuwa ta sa masa albarka har da zuriyarsa. Auta ta yi rajista Juma'a da hantsi.

Manya sun dawo da ƙiba da matsaya: za a haɗa hanyoyin biyu, kuma za a koma otal a tattauna yadda za a haɗa su. Abu ɗaya suka yarda da shi baki ɗaya, cewa gyara ba lamba laifi ne a kundi, laifi ne a tafarki.

Saboda haka in kun haɗu da Injiniya a hanya, don Allah ku kawar masa da dutse. An gargaɗe shi a rubuce kada ya sake yin tuntuɓe a lokacin aiki.