Faransata Ta Gwangwanin Alewa

Ba zan taɓa mantawa da ranar da bakina ya kai ni Faransa ya baro ni can ba, alhali ƙafata iyakarta Jidda.

Ni haifaffen Makka ne, a unguwar Mansur na tashi, kuma a shekarun sittin direban wani attajiri ne mai sayar da turare. Wata shekara ya tashi zuwa Faransa sarin kaya. Na kai shi filin jirgin Jidda, na koma gidansa na can na yi gadi kwana arba'in, daga ni sai kyankyasai. Da ya dawo ya ba ni tsarabar alewa a gwangwani mai zane a murfi. (Alewar kwana biyu ta yi. Gwangwanin ne ya jawo mini.)

Zanen wani tsohon ƙauye ne a bakin kogi. Ga gadar dutse mai baka biyar, ga wani kangon gidan sarauta a kan tudu, ga mutum biyu cikin kwale-kwale, wani tsoho na zaune da ƙugiya, wasu kuma sun baje a kan ciyawa suna cin abinci kamar ba su da gida.

Na dawo Mansur, a wurin mai shayi wani ya ce, "An ce mai gidanka ya je Faransa. Da kai aka je?" Maimakon in ce a'a, sai na gyara zaman hula na ce, "To da wa za a je?"

Shi ke nan. Kafin wata guda na tuƙa kwale-kwalen nan, na hau tudun nan a kan keke, na kama kifi da ƙugiyar tsohon. Kifin da ya fara da tsawon tafin hannu ya kai kamu biyu kafin azumi. Wallahi har na fara jin kewar garin.

Dalilina kuwa Safiya ce, 'yar Baba Idi mai tsire. Mu biyu ke nemanta, ni da wani tela mai shagon kansa. Ni ba shago, motar ma ba tawa ba, jarina kawai na ga duniya. Baba Idi mutum ne mai son labarin ƙasashe, kuma ya ce bayan aikin hajji zai faɗi wanda ya zaɓa.

Ana saura 'yan kwanaki a fita Arfa ya aiko in zo bayan la'asar, in taho da gwangwanin. Na same shi a tabarmar ƙofar gida da maƙwabta biyar, telan ma na nan, sai wani dattijo dogo da ban sani ba. Labulen taga na motsi, na san ko wace ce a bayansa.

"Ya waladi, ɗana, zauna," in ji Baba Idi. "Wannan baƙona ne, Malam Garba daga Damagaram, hajji ya zo. Tsohon sojan Faransa ne, ya yi yaƙin duniya a can. Na ce yau ku biyu ku sha hira, mu mu saurara."

Mai hankali a nan zai ce cikinsa ya murɗa, ya tashi. Ni sai na miƙa gwangwani.

Dattijon ya kai murfin kusa da idonsa, ya daɗe yana kallo, ya bi gadar da ɗan yatsa yana ƙirga bakunan. Sannan ya ɗago ya dube ni.

"Ɗana, nan ka je?"

"Nan fa, Baba. Kwana tara muka yi."

Na saki baki. Na hau tudu, na sauko, na shiga kwale-kwale, na ci burodi a kan ciyawa, na fito da kifina. Maƙwabta na ta "masha Allah", telan ya sunkuyar da kai, ni kuwa ina ta ƙara gishiri saboda labule.

"Kogin fa?" dattijon ya tambaya a hankali. "Yana nan yadda yake?"

A nan sai ku yi mini uzuri. Ni ɗan Makka ne, ban taɓa ganin kogi da idona ba. Abin da na sani shi ne ambaliya: a yi ruwa a kan duwatsu, ya kwararo kwari da gudu, gobe sai yashi. Na ɗauka ko'ina haka Allah ya tsara. Na ce, "Ai mun taki sa'a, Baba. Kwana biyu kafin mu isa aka yi ruwa, kogin ya zo. Da mun ƙara mako guda da sai dai mu tura kwale-kwalen a kan yashi." (Har na ƙara da cewa 'yan ga-ruwa sun yi layi da garwa a bakin gada. Allah ya yafe mini.)

Ya dube ni, ya dubi murfin. Bai yi dariya ba. Na ɗauka na ci.

"To," ya ce. "In ka haye gadar nan, hannun dama, akwai ɗan fili da gajeriyar katanga. Nan muka rufe ƙanena Sani, ni na sa shi a rami da hannuna. Tun da aka kwashe mu ban sake komawa ba, kuma ba zan koma ba. Ɗana, ana share wurin kuwa?"

 Kalma ɗaya ce, in ce e, in tashi da Safiya. Baba Idi na kallona yana jira, har da ɗan murmushin alfahari. Na yi ƙarya a kan kifi, na yi a kan keke, amma na kasa yi a kan kabari.

"Baba," na ce, muryata kamar ta aro, "ban je ba. Iyakata Jidda. Gadi na yi."

 Labule ya daina motsi. Telan ya ɗago kansa a karon farko. Na ji kunyar da ban taɓa ji ba, na rasa inda zan sa idona sai kan tabarma.

"Na sani," in ji dattijon. "Tun da ka ce kogin ya zo na sani. Kogin nan ba ya zuwa, ba ya tafiya, rani da damina yana nan. Na dai ce bari in tambaya, ko da ƙarya ce in ji wani ya ce ana sharewa."

Ban san sa'ar da hawaye ya zubo mini ba. Na tura masa gwangwanin na ce ya riƙe, ya fi ni haƙƙi a kansa. Ya karɓa da hannu biyu. Daga nan shi ya ba da labarin ƙauyen har aka kira magariba: sanyin ruwan, da yadda Sani ya koya wa 'yan garin kama kifi da hannu. Ba keke, ba kifi mai kamu biyu, amma ba wanda ya motsa.

Bayan hajji Baba Idi ya kira ni. Ya ce, "Maƙaryaci ne kai, amma ƙaryarka ta san inda take tsayawa. Ka je ka yi shekara guda ba ka je ko'ina ba, ka dawo." Na yi shekarar, na dawo, ya ba ni.

Sai dai Mansur ba ta yafe ba, sunana ya koma Kogi-ya-zo. Har muka tsufa, in aka yi yayyafi Safiya takan leƙa taga ta ce, "Malam, fito da kwale-kwalenka."

Abin da na koya shi ne, duk garin da ka ga ya yi kyau a murfin gwangwani, wani yana da kabari a cikinsa. Tun daga ranar, in aka tambaye ni ko na je wuri, ko Ɗa'ifa ce da ke nan kusa da Makka, sai na tsaya na yi tunani kafin in amsa.